Yammacin da aka kashe inji a tekun Zanzibar

Kwana biyu na yi ina zama a kan katangar Forodhani, lambun bakin teku na birnin Zanzibar, da la'asar, ina kallon jiragen katako suna fita da baƙi, kafin na yarda na sa ƙafa a cikin ɗaya. Abin da ya tsayar da ni wani abu ne da kunnena ya kama. Jirage da dama suna fita da ƙyallensu na kama iska a buɗe, fari tas, gwanin kyau a hoto, amma in ka kasa kunne sai ka ji inji na gurnani a bayansu tun daga gaɓa har su ɓace. Ƙyallen ado ne, fetur ne ke tura su. Wasu ma har da lasifika, kiɗa na tashi kamar gidan biki. Ban ga laifin mai son hakan ba, amma ni burina ɗaya ne: in ji yadda iska kaɗai ke ɗaukar katako mai nauyi da mutanen da ke cikinsa.

Wani dattijo mai kula da ƙofar masaukinmu shi ya sa ni a hanya. Na gaya masa damuwata, sai ya ce kada in kulla magana da masu tare baƙi a kan titi, waɗanda mutanen garin ke kira papasi, domin yawancinsu ba su da jirgi, dillanci suke yi, kuma duk abin da ka tambaya amsarsu e ce. Ya ce in sauka bakin ruwa da safe in nemi nahodha da kansa, wato shugaban jirgin, in yi masa tambaya uku. Mutum nawa yake ɗauka? Akwai rigar ceto ga kowa, har da yara? Kuma in an fita daga cikin tashar, zai kashe injin?

Haka na yi. Na sami mutumin a zaune a inuwar jirginsa, wanda ruwa ya janye ya bari a kishingiɗe a kan yashi, yana ɗinke wata ɓaraka a gefen ƙyalle da allura mai kauri. Zai haura shekara sittin, siriri, gemunsa fari. An riga an koya mini gaisuwar manya a can, na ce masa "Shikamoo," ya ɗago ya amsa "Marahaba," ya nuna mini wuri na zauna. Wani saurayi cikin yaransa, mai jin Turanci da ɗan Larabci, shi ya yi mana tafinta. Tambaya biyu na farko ya amsa su a taƙaice. Da aka zo ta uku sai ya ajiye allurar, ya kalli sama, ya kalli ganyen kwakwar da ke kaɗawa, ya ce in Allah ya ba da iska zai kashe, in bai bayar ba ba zai yi mini ƙarya ba. Wannan amsar ita ta sa na biya kafin alƙalami nan take.

Ya ce mu zo "saa kumi na nusu", ƙarfe goma da rabi ke nan in an bi kalmomin. Saurayin ya ga na yi turus, sai ya yi mini bayani. Waswahili suna fara ƙirgen awoyi ne daga fitowar rana. Bakwai na safe ita ce ƙarfe ɗaya a wurinsu, shida na yamma ita ce sha biyu. Goma da rabi ɗinsu ita ce huɗu da rabi ta yamma. Tsarin ya zauna daidai a can saboda tsibirin yana kusan digiri 6 ne kudu da ikwaita, rana na fitowa tana faɗuwa kusan lokaci guda duk shekara. Duk wanda zai kulla alkawarin jirgi a wannan gaɓar ya tabbatar da wane agogo ake magana.

Muka iso ni da mai ɗakina bayan mun yi la'asar. Wurin da na bar jirgi a kan yashi da safe ya zama teku. Cikar ruwa da janyewarsa a nan ba wasa ba ne, yakan kai mita uku ko fiye tsakanin sama da ƙasa, shi ya sa babu wanda zai ce maka ga takamaiman inda za ka hau. Ranar sai da muka cire takalma, na naɗe wando zuwa gwiwa, muka taka cikin ruwa mai ɗumi zuwa wani ɗan tsani na katako da aka rataya a gefen jirgin. Shawarata ga mace ta sa tufafin da ba za su sha ruwa su yi nauyi ba, ta kuma ɗaure mayafinta da kyau, don iskar cikin teku ba ta da kunya. Waya da kuɗi a sa su cikin leda.

Mu goma ne baƙi, ma'aikata huɗu da nahodha. Kafin a ɗaga ƙugiya sai da aka miƙa wa kowa rigar ceto. Wasu suka ajiye tasu a ƙarƙashin benci. Mai ɗakina ta sa tata ta ɗaure tam, ni ma na sa. Mutanen Zanzibar ba su manta da watan Satumba na 2011 ba, lokacin da jirgin fasinja Spice Islander ya nutse a arewacin tsibirin da lodi fiye da ƙima, ga kuma Skagit da ya kife a Yulin 2012. Waɗancan manyan jirage ne masu inji, amma darasin lodi da rigar ceto ɗaya ne ga kowane jirgi. Ta riƙe hannuna ta ce, "Malam, ka yi mana addu'ar." Na karanta abin da Annabi Nuhu ya faɗa a Suratu Hud, "Bismillahi majreha wa mursaha." Nahodha ya ji, ya juyo ya ce amin.

Abu na farko da jirgin ya gabatar mini shi ne warinsa. Gishiri, tsohon katako, da wani ƙarni mai nauyi wanda daga baya na ji cewa man kifi ne da ake shafa wa katakon don kada ruwa da rana su cinye shi. Na zauna kusa da gefe ina shafa jikinsa. Babu falanki biyu masu faɗi ɗaya. Ana ganin sawun gizago a jikin haƙarƙarin jirgin, kowane ɗaya da lanƙwasar da reshen itacen ya zo da ita daga daji, masassaƙin ya nemo reshen da ya dace da wurin ne ya ɗan gyara shi. A tsakanin falanki da falanki akwai wani farin zare da aka cusa. Na sa farce na taɓa. Auduga ce, an jiƙa ta da man kwakwa an dandanƙara da kurfi da guduma, in ta sha ruwa sai ta kumbura ta toshe kafar. Suna kiran aikin kalafati, kuma ba a gama shi, kullum ana sabuntawa. Duk da haka ruwa na ɗan tsattsafowa. A can ƙasa, tsakanin buhunan yashin da aka jera don su ba jirgin nauyi, wani yaro na kwashe ruwa da yankakkiyar jarka lokaci zuwa lokaci, hankalinsa kwance, kamar mai share tsakar gida.

Saurayin ya ce a Nungwi aka sassaƙa shi, can ƙarshen arewacin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, inda har yau ake ƙera irin waɗannan jirage a bakin ruwa ba tare da zane a takarda ba. Ma'aunin yana cikin idon ubangidan aikin da igiyar awonsa. Ya rarrabe mini su da yatsa yayin da muke wucewa: ga ngalawa, ɗan kwalekwalen da ake fafewa daga gungumen mangwaro, mai fikafikai biyu na katako a gefe don kada ya kife, ga mashua na masunta, ga jahazi, babban da ke dakon kaya zuwa Darussalam da Pemba. Namu ƙaramin jahazi ne. Ƙusoshin ƙarfe ne ke riƙe da shi, amma kakanninsa ɗinka su ake yi. Wani littafin jagorar 'yan kasuwa da aka rubuta da Girkanci a ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa ya ambaci jiragen wannan gaɓar da ake ɗinke katakonsu da igiya, kuma irin wannan jirgi, mtepe, wanda ake ɗinkewa da zaren ɓawon kwakwa, bai ɓace ba sai a wajajen shekarun 1930.

Da inji muka fita, gaskiya, domin tashar cike take da jirage a ɗaure da igiyoyinsu. Minti goma muna ratsawa. Garin ya fara ja da baya yana buɗewa gaba ɗaya, abin da ba ka samu in kana cikin lungunansa. Ga Ngome Kongwe, tsohuwar ganuwar da Larabawan Oman suka gina a ƙarshen ƙarni na 17 bayan sun kori Turawan Fotugal. Kusa da ita ga Beit al-Ajaib, gidan da Sarki Barghash ya gina a 1883, wanda wani sashensa ya rufta a Disambar 2020, abin tausayi. A kan wannan ruwan da muke ratsawa ne jiragen yaƙin Ingila suka tsaya ranar 27 ga Agusta 1896 suka yi wa fadar sarki ruwan wuta, yaƙin da bai kai awa guda ba aka gama. Na san waɗannan tun kafin in zo, amma ganin tazarar da ido daban ne. Kusa ce ƙwarai. Wanda ke kan jirgin yana iya ganin mutum a barandar fadar.

Daga nan aikin da na zo gani ya fara. A tsakiyar jirgin akwai ginshiƙi guda, mlingoti, gajere mai kauri, ya ɗan sunkuya gaba. A kwance a kan jirgin kuma ga wata doguwar sanda, foromali, wadda ta kusa fin jirgin kansa tsawo, itace biyu ne ko uku aka haɗa aka ɗaure. A jikinta aka naɗe ƙyallen, wanda suke kira tanga, aka ɗaɗɗaure shi da siraran ganyen kaba. Mutum uku suka kama igiya guda. Ɗaya ya ba da murya, biyu suka amsa, suka zube da nauyin jikinsu gaba ɗaya, sandar ta ɗaga taku guda. Suka sake. Jijiyoyin wuyansu sun fito, ƙafafunsu ba takalmi sun kafe a jikin katako. A hankali sandar ta hau har ƙarshenta ɗaya ya soki sama, ɗayan ya sunkuyo wajen hancin jirgin. Sai nahodha ya yi magana guda, wani ya fizgi igiyar ƙasan ƙyallen da ƙarfi. Ganyen kaban nan suka tsintsinke ɗaya bayan ɗaya, tas tas tas, ƙyallen ya zubo, ya yi kaɗawa biyu, ya cika ya yi ciki.

Nahodha ya miƙa hannu baya ya kashe injin.

Na daɗe ina neman yadda zan kwatanta wannan lokacin. Ƙarar da ta cika kunnenka har ka daina jin ta, ita ce ta ɗauke, sai ga wasu sautuka da suke nan tun ɗazu ba ka sani ba. Ruwa na tsagewa a hancin jirgin da wani sauti kamar ana yayyage sabon yadi a hankali. Igiya na ƙara a inda ta goga itace. Ginshiƙin na nishi a cikin raminsa. Jirgin ya kwanta kaɗan a gefen hagu, ya tsaya a haka, sannan na ji ya ja gaba, ja mai taushi wanda ba shi da karkarwa. Da inji, turo ka ake yi daga baya, katakon na rawa a ƙarƙashinka. Da iska kuwa kamar an kama jirgin ta sama ana janye shi. Duk baƙin suka yi shiru ba wanda ya ce su yi. Mai ɗakina, wadda tun hawanmu take riƙe da benci da hannu biyu, ta saki hannu ɗaya.

Watan Janairu ne, lokacin kaskazi, iskar da ke busowa daga arewa maso gabas tun wajen Disamba zuwa Maris. Daga Afrilu kuma sai ta juya ta zama kusi, ta taso daga kudu har wajen Satumba ko Oktoba. Dalilin yana can nahiyar Asiya. In ƙasarta ta yi zafi da bazara, iskar kanta na tashi sama, ta teku ta kwararo ta cike gurbin. In ta yi sanyi sai abin ya koma baya. A kan wannan juyin aka gina dukan rayuwar wannan gaɓar. A da jirage na tasowa daga Maskat, da Basra, da gaɓar Indiya da kaskazi, ɗauke da dabino da yadi da busasshen kifi, su zauna watanni suna jiran iska ta juya, sannan su koma da kanumfari da hauren giwa da sandunan itacen bakin teku na rufin ɗaki. Mutumin da iska ta tilasta masa zaman wata uku ko huɗu a gari, zai yi aboki, zai koyi harshe, wani ma zai yi aure. Ka ga inda Swahili ya samo tarin kalmominsa na Larabci. Ka ga kuma abin da ya sa Sayyid Sa'id, sarkin Oman, ya ga ya fi masa ya bar Maskat ya dawo da fadarsa nan a wajen 1840.

Ba zan ɓoye ɗayan gefen ba, domin ya zo mini a zuciya ina zaune a wurin. Irin wannan jirgin, da irin wannan iskar, su suka yi dakon bayi daga gaɓar nahiyar zuwa kasuwar Zanzibar, wadda ba a rufe ba sai 1873. Na leƙa ramin da yaron ke kwashe ruwa, wuri mai duhu da zafi wanda mutum ba zai iya miƙewa a ciki ba, na tuna an taɓa jera mutane a irinsa kamar buhuna. Na yi musu addu'a a raina. Daɗin yammacin bai gushe ba, amma ya yi nauyi, kuma ina ganin haka ya kamata.

Can sai nahodha ya yafito ni. Yana zaune a ƙarshen jirgin, sandar juya akala, usukani, tana ƙarƙashin hammatarsa kamar ya manta da ita. Ya ce, ta bakin saurayin, tun da ni ne mai tambayar iska, in zo in gaisa da ita. Na ce, "Baba, ban taɓa ba." Ya kama hannuna ya ɗora a kan sandar, bai cire nasa ba. Itacen ya yi santsi saboda shekarun tafin hannu. Abin da ya ba ni mamaki shi ne tana da rai. Tana turo hannunka, tana saki, tana sake turowa, daidai da yadda kowace igiyar ruwa ke wucewa ta ƙarƙashinmu. In kana son hancin jirgi ya yi dama, hagu za ka tura ta. Na tura fiye da kima, jirgin ya juya fuska wajen iska, gefen gaban ƙyallen ya fara karkarwa yana faf-faf, gudunmu ya ragu nan take. Bai ce komai ba, ya dawo da hannuna da yatsa biyu, ƙyallen ya sake cika. Ya nuna mini gefen ƙyallen, ya nuna kuncinsa. Na gane. Ido a kan bakin ƙyalle, kunci yana sauraron inda iska ke fitowa. Ba ya kallon gaba sosai ma, domin hanyar tana cikin kansa.

A nan ne na fahimci abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai, wato yadda jirgi ke tafiya alhali iskar ba daga bayansa take ba. Mu arewa maso yamma muka nufa, iska kuma daga damanmu take zuwa. Ƙyallen mai kusurwa uku ba tare iska yake yi kamar buhu ba. Iskar na bin lanƙwasarsa ne ta wuce, kamar yadda take bin fiffiken tsuntsu, sai ta ja shi gefe da gaba. Jikin jirgin da ke nutse cikin ruwa ya ƙi tafiya gefe, don haka abin da ya rage shi ne gaba. Na riƙe sandar kamar minti biyar. Da na mayar masa, kafaɗata ta gaji.

Mun matso kusa da Changuu, tsibirin da ke kimanin kilomita biyar da rabi daga gari, wanda baƙi suka fi sani da tsibirin kurkuku. An gina kurkukun a 1893 amma ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, wurin killace masu cutar shawara ya zama. Manyan kunkurun da ke can asalinsu kyauta ce daga tsibiran Seychelles a 1919. Ba mu sauka ba. Aka zagaya da 'ya'yan itace da ruwan kwakwa, rana ta yi ƙasa ta fara ja.

Sai nahodha ya ce kowa ya sunkuya ya koma tsakiya, za a juya. Wannan shi ne abin da ya fi komai tsaya mini a rai, fiye da faɗuwar ranar kanta. Jirgin zamani in zai juya, hancinsa yake sa wa cikin iska, ƙyallen ya tsallaka da kansa. Wannan ba ya iya haka, saboda doguwar sandar tana rataye ne a gefe guda na ginshiƙin, in iska ta dawo ta ɗayan gefen sai ta danne ƙyallen a jikin itacen. Dole a ɗauke sandar gaba ɗaya a tsallakar da ita. Nahodha ya juya jirgin ya ba iska baya. Aka saki igiyar ƙasa, ƙyallen ya tashi gaba yana kaɗawa da ƙara kamar ana kakkaɓe babbar tabarma. Mutum biyu suka kama gindin sandar suka jawo shi baya zuwa gindin ginshiƙi, har sandar nan mai tsawon jirgi ta miƙe tsaye cak, tana lilo a sama da kawunanmu. Na ɗaga kai na ga ƙarshenta yana zana da'ira a sararin sama. Nauyinta duka a kan igiya guda yake da kafaɗun samari biyu. Ɗayan ya rungume ta ya murɗa ta ta gaban ginshiƙin, na uku ya ruga da igiyar ƙyallen ya zagaya da ita ta hancin jirgi, yana taka bakin katako da yatsun ƙafa, ruwa na gudu a ƙarƙashinsa. Na huɗu yana kwance igiyoyin da ke riƙe ginshiƙin daga wannan gefe yana ɗaure su a wancan. Babu wanda ya yi ihu. Nahodha kalma biyu ko uku kawai ya furta. Sandar ta kwanta a sabon gefenta, aka ja igiya, ƙyallen ya yi bum ya cika, jirgin ya kwanta a dama.

Duka bai fi minti biyu ba. Na dubi saurayin da ya yi mana tafinta, ƙirjinsa na hawa da sauka, tafin hannunsa ja wur. Na tambaye shi shekara nawa ya yi yana wannan. Ya ce tun yana yaro yake kwashe ruwa a ƙasan jirgi, kamar wancan ƙaramin, daga nan aka ba shi igiya, daga nan sanda. Usukani kuwa sai nan gaba. Jiragen da ke barin inji a kunne ba sa yin wannan juyin ko sau ɗaya, su sauke ƙyalle ne kawai su karkata. Ina tsoron ranar da za a wayi gari samarin da suka iya shi sun ƙare, ƙyallen ya rage a matsayin kayan hoto. Shi ya sa nake roƙon duk wanda zai hau ya yi tambayar nan ta uku, kuma in an gama ya sa wani abu a hannun ma'aikatan, ban da kuɗin jirgi.

Ranar kuwa ba ta jira kowa ba. Wajen bakwai saura kwata ta sauko ta zauna a bakin ruwa ta wajen nahiyar, wadda ba a hango ta, ja kamar garwashi, ta ɗan baje saboda hazo. A kusa da ikwaita rana a tsaye take sauka, ba ta jan ƙafa. Daga lokacin da gindinta ya taɓa ruwa zuwa ɓacewarta minti biyu ne da 'yan daƙiƙu. Waɗanda suka tsaya gyara waya sun rasa rabinta. Abin da na fi so shi ne bayan ta tafi, sa'ad da farin ƙyallen da ke kanmu ya koma ruwan goro, facin da dattijon ya ɗinka da safe ya fito fili da zarensa, kowane ɗinki a bayyane.

Kiran salla ya taso daga gari, masallaci ɗaya ya fara, sauran suka ɗauka, sautin na zuwa a kan ruwa a sarari. Ma'aikatan suka ɗebo ruwan teku da guga suka yi alwala bi da bi. Na bi su. Alƙibla a Zanzibar arewa take, kusan kai tsaye, domin Makka na sama da tsibirin a kan taswira. Nahodha ya nuna mini da haɓa, ya miƙa wa saurayin usukani a karo na farko a tafiyar, muka yi magariba a ɗan filin da ke bayan ginshiƙi, ƙafafu a buɗe saboda lilo. Mai ɗakina ta yi tata a zaune.

Shafaƙi a nan gajere ne, cikin minti ashirin da kaɗan duhu ya rufe. Wasu jirage suka fara wuce mu suna fita, masu kamun dagaa, ƙananan kifin da ake tarawa da hasken fitila da dare. Can nesa fitilunsu suka jeru a kan ruwa har ka rasa inda teku ya ƙare taurari suka fara. Sanyi ya sauko, na ba mai ɗakina rigata ta sama. Iska ta fara raguwa. Ƙyallen ya saki ciki, ya cika, ya sake saki. Sautin ruwan da ke hancin jirgi ya koma kamar raɗa. Muna ganin hayaƙin masu gashi a Forodhani da fitilunsu, amma kamar ba ma matsawa.

Nahodha ya jira. Ya jiƙa yatsa ya ɗaga, ya jira kuma. Sai ya kira saurayin ya yi masa magana, shi kuma ya matso kusa da ni ya ce, "Baba ya ce a gaya maka iska ta tafi barci, yana neman izininka." Na ce ya kunna, ai ya cika alkawari. Aka sauke sandar, samarin suka hau naɗe ƙyallen suna ɗaure shi da sabon ganyen kaba saboda gobe.

Ruwa ya janye sosai kafin mu iso, don haka nesa da gaɓa aka tsaya. Muka sauka ta tsanin, yaron nan mai kwashe ruwa yana gaba da tocila yana haska mana inda za mu taka saboda ƙayar teku. Mai ɗakina na riƙe da takalmanta a hannu ɗaya, ɗayan a kafaɗata. Da muka taka busasshen yashi ta tsaya ta ce ƙasar na lilo da ita. Ni ma haka nake ji. Muka tsaya a wurin har ta daina, sannan na sunkuya na warware wandona. Tafin hannuna na dama yana ta warin man kifi.